Filin Shawara: Gida a Maikunkele, Aiki a Cikin Minna

Wasiƙu uku na zaɓo wannan makon, dukansu kuma a kan hanya ɗaya suka taru, wato wadda ta tashi daga shataletalen Mobil ta ratsa Bosso da Tudun Fulani da Rafin Yashi ta kai Maikunkele. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Ya ce mu tare, a ƙarasa ginin muna ciki

Assalamu alaikum Goggo. Ni matar aure ce, 'ya'yana huɗu, mun daɗe muna haya a Tunga. Maigidana ma'aikacin gwamnatin jiha ne. Bana mai gidan da muke ciki ya yi ƙarin haya, ya ce wanda ba zai iya ba ya kawo masa makulli. Maigidan yana da fili a Maikunkele, ya yi ɗaki biyu da falo, an yi rufi an sa ƙofofi da tagogi, amma babu filasta, babu katanga, babu rijiya. Ya ce mu tare kafin hayar ta ƙare, sauran a ƙarasa muna ciki. Ni kuma ina ɗinki, ina yin zoɓo da kunun aya, duk masu cinikina a Tunga suke. Babbar 'yata saura mata shekara ɗaya ta gama sakandare. Mahaifiyata tana Limawa, ba ta da cikakkiyar lafiya. Da na nuna damuwata sai ya ce ba na son ci gabansa, danginsa kuma har sun fara cewa na fi son zaman haya saboda kwalliya. Goggo, na bi shi ko na tsaya a kan bakana?
Maman yara huɗu, Tunga

Wa alaikumus salam 'yata. Ki bi shi, amma ba a wannan halin da gidan yake ciki ba, kuma ba da ido rufe ba.

Bari in fara da gaskiyar mijinki, don yana da ita. Kuɗin haya idan ya fita ya fita ke nan, kuma mai gidan da ya iya cewa a kawo masa makulli bana, baɗi ma zai iya. Ma'aikacin da ya daure ya kai gini har rufi da albashin gwamnati ba rago ba ne. Maikunkele kuma ba daji ba ne kamar yadda wasu matan cikin gari ke zato. Nan ce hedikwatar ƙaramar hukumar Bosso, nan filin jirgin saman Minna yake, tana bakin babban titin da ya nufi Zungeru. Mutane da yawa da suke zaune a can yau, ƙarin haya ne ya kore su daga Tunga da Dutsen Kura da Bosso, suka je suka kafa nasu.

Inda ya yi kuskure shi ne lissafinsa ya tsaya a kan haya kaɗai. Abin da aka rage a haya, hanya takan karɓi rabonta a ciki, kuma ita hanya ba ta jiran ƙarshen shekara, kullum safiya take karɓa. Ku duba inda kuke: Tunga tana wancan gefen gari, Maikunkele tana wannan gefen, sai ya ratsa tsakiyar Minna gaba ɗaya kafin ya isa wurin aiki. Kafin 29 ga Mayu 2023 wannan ba abin tsayawa a kai ba ne, don a farashin gwamnati litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Da aka cire tallafi, cikin 'yan kwanaki ta kai wajen naira 500, a 2024 kuma ta haye 1,000. Ke shaida ce, a Fabrairun 2024 ne mata suka tare hanya a Kpakungu saboda tsadar rayuwa. Gwamnatin Neja ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 80,000, amma ƙarin bai kamo tsadar kaya ba.

Saboda haka ki ɗauko takarda da biro, ku zauna ku biyu bayan yara sun kwanta. Kada ku yi lissafi da zato. Ya gwada hanyar na sati guda, ya tashi daga Maikunkele a lokacin da zai riƙa tashi, ko a babur ɗinsa ko a Keke Napep, ya rubuta abin da ya kashe. A ninka wannan da kwanakin aiki na wata, a ƙara na yara idan ba za a canza musu makaranta ba, a ƙara naki na zuwa duba Mama da na sayen zare da yadi a Kasuwar Kure. Abin da ya fito a shekara a ajiye shi gefen kuɗin haya. Sau da yawa gidan kai yakan yi nasara duk da haka, amma ba da irin ratar da maza suke hange ba. Idan ya ga adadin da idonsa, zai daina ɗaukar damuwarki a matsayin ƙiyayya.

Sai ruwa, wanda ni a wurina ya fi komai. Ruwan famfon da ake turowa daga Chanchaga ko a cikin gari ba kowace unguwa ke ganinsa kullum ba, balle sabuwar unguwa a bayan gari. Ƙasar Minna kuma dutse ne a ƙarƙashinta. Wani ya haƙa rijiya ya sami ruwa, maƙwabcinsa ya haƙa ya ci karo da dutse, wata rijiyar ta cika da damina ta ƙafe ƙaf a watan Maris. Ki je da kanki ki gaida matan da ke kewaye da filin, ki tambaye su inda suke samun ruwa da bazara, da nawa 'yan garuwa ke sayar da kura, da ko suna shigowa layin ma. Namiji ya fita da asuba ya dawo da dare ya tarar da ruwan wanka a bokiti. Ke da yaran ne za ku san yadda aka yi ya shiga bokitin.

Wuta ma ki tambaya. Jiharmu ce ke da Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, amma wannan kirari bai taɓa sanyaya wa kowa zoɓo ba. A sababbin unguwanni galibi mazauna ne ke yin karo-karo su sayi turaku da waya, wani lokaci har da taransifoma. Ki gano ko wuta ta iso layinku, da nawa ake karɓa daga sabon shigowa.

Ga abin da zan ce ki tsaya a kai, ba da faɗa ba: banɗaki mai ƙofa da rami da aka rufe, katanga ko da rabin tsayi ce a ƙarasa da langa-langa, da tabbacin inda ruwa zai fito. Kina da budurwa a gida, ba a kai ta gidan da mai wucewa ke hango tsakar gida. Filasta da fenti da tayil duk za su iya jira, ana iya yin su ɗaki-ɗaki. Idan kuɗin waɗannan ukun ba su samu ba kafin hayar ta ƙare, ya roƙi mai gidan ya karɓi na wata uku ko shida. Ƙarin wata shida ya fi tarewar da za a yi da kuka.

Babbar 'yarki kuwa kada a taɓa mata makaranta a wannan gaɓar. Yarinyar da ke fuskantar WAEC da NECO ba a sauya mata malamai. Ki ba ta kakarta a Limawa daga Litinin zuwa Juma'a, ta riƙa zuwa gida ƙarshen mako. Mama ta sami mai miƙo mata ruwa da tuna mata magani, yarinya ta huta da doguwar hanya, ke kuma hankalinki ya kwanta ta fuska biyu. Ƙananan a nema musu makaranta kusa da sabon gida, boko da Islamiyya, wadda za su iya takawa da ƙafa.

Batun sana'a, ina jin tsoronki ya fi abin yawa. Mai ɗinkin da hannunta ke da kyau, waya ta ishe ta riƙe tsofaffin masu cinikinta, maigida ya riƙa kai musu kaya a hanyarsa ta ofis, wannan ma ki sa shi cikin sharaɗi. Sabuwar unguwa kuma tana da ƙarancin tela da mai kitso da mai sayar da kayan miya, ga leburori da magina da ke neman abin sanyi da rana. Ki shirya wa wata biyu ko uku na farko da ciniki zai ja baya, kada ki shiga sabon adashe a lokacin. A ɗaya ɓangaren, doya da hatsi da gawayi sukan fi sauƙi a wajen, kin kusanci manoma, ga kasuwar Beji a gaba kaɗan.

Idan za ki yi masa magana, kada ki fara da "amma". Ki fara da yi masa barka da gini, ki ce kin shirya tarewa, sannan ki kawo takardarki. Dangin miji kuma ki bar su. Ba su za su ɗebo miki ruwa ba.

Fili kusa da filin jirgi, rabin kuɗi

Goggo barka da aiki. Ni saurayi ne, ina da shago a kasuwa, an sa min rana bayan babbar Sallah. Wani dillali ya nuna min fili a Maikunkele, ba nisa da katangar filin jirgi, kuɗinsa kusan rabin na sauran wuraren da na duba. Ya ce tunda an gyara filin jirgin, nan da shekara biyu kuɗin zai ninka. Mai filin ya ce gonar gadonsu ce, ya nuna min takarda mai hatimin mai unguwa. An ba ni sati ɗaya, wai akwai wani mai so. Kuɗin da ke hannuna na lefe ne. Ina tunanin in saya, in nemi a ɗaga bikin. Me kika gani?
Ɗanki, daga Bosso

Ɗana, Allah ya sanya alheri. Ka riƙe kuɗinka tukuna.

Abubuwa uku da ka lissafo, wato rabin kuɗi, da wa'adin sati ɗaya, da "akwai wani mai so", sun daɗe suna tafiya tare, kuma ba su cika kai mutum ga alheri ba. Araha ba ta ado. Fili idan lafiyayye ne, mai shi ba ya jin tsoron ka ɗauki wata guda kana bincike.

Dillalin bai yi ƙarya ba da ya ce an gyara filin jirgin. A Maris 2024 Shugaba Tinubu ya zo Minna, aka buɗe ginin da aka sabunta, aka kuma sa wa filin sunansa, bayan a 2023 an sa masa sunan marubuci Abubakar Imam. Gwamnatin Umaru Bago ta sha bayyana aniyarta ta kafa yankin sarrafa amfanin gona a kewayen wurin. To amma wannan labarin da yake yi maka talla da shi, shi ne babban dalilin da ya kamata ka yi taka-tsantsan. Wurin da gwamnati ta sa wa ido, tana iya kasancewa ta riga ta shata shi, ko ta shata shi gobe. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon karɓar fili saboda amfanin jama'a. Diyyar da doka ta tanada ta abin da aka gina ne ko aka shuka a kai, ba ta kuɗin da ka miƙa wa mai gona ba. Wanda ya sayi fili fayau aka karɓe, yakan tashi ba tsuntsu ba tarko.

Takardar mai unguwa tana da amfaninta, tana nuna an yi ciniki a gaban shaidu. Amma ba ita ce shaidar mallaka ba, kuma ba ta gaya maka ko wurin yana cikin shatar gwamnati. Wannan a ofishin NIGIS ake ganowa, hukumar da ke riƙe da taswira da bayanan filaye na jihar Neja. Ka ɗauki safiyo mai rajista, wanda kai ka nemo ba wanda dillali ya kawo ba, ya auna filin ya fitar da lambobinsa, a je a duba. Abin da za ka kashe a nan bai kai kuɗin akwati ɗaya na lefe ba.

Kalmar "gonar gado" ma ka tsaya a kanta. Maikunkele tsohon garin Gbagyi ne, kuma yawancin filayen da ake yankawa a can gonakin iyali ne da aka gada kaka da kakanni. Wanda ya nuna maka filin yana iya zama ɗaya daga cikin magada goma. Ya sayar maka yau, ka zuba bulo, sai yayansa ya dawo daga tafiya ya ce bai san zancen ba. Ka nemi ganin babban gidan, a tara magada, maza da mata, kowa ya sa hannu, a je gaban hakimi, lauya ya rubuta yarjejeniya. Kuɗi kuma ta banki, da sunan mai filin, kada ka ƙirga wa kowa tsaba a gindin bishiya. Ka tambayi masu maƙwabtaka da filin ko an taɓa kawo wani ya gani ya biya. Ka duba ko hanyar ruwa ce. Filin da ya yi kyau a Janairu yana iya zama tafki a Agusta. Ka ɗaga kai ka duba manyan wayoyin wuta.

Sannan maganar da ka tura ƙarshen wasiƙa, alhali ita ce babba. Kuɗin lefe ba naka ba ne kai kaɗai, alkawari ne da manya suka zauna suka tsayar da ranarsa. Idan ka ɗaga biki saboda fili ba tare da yarinyar da iyayenta sun ji daga bakinka ba, za su fassara shi da ja da baya, kuma ba za a ga laifinsu ba. In filin ya tsallake bincike kuma har yanzu kana so, ka je wurin waliyyinta ka faɗi gaskiya: ga fili, ga kuɗi, ko za a rage lefe a yi biki a ranarsa? Iyaye da yawa a wannan zamanin za su zaɓi suruki mai fili da akwati uku a kan mai akwati goma da ke neman ɗakin haya. In sun ƙi, ka yi aurenka. Ba a gama yanka filaye a hanyar Zungeru ba.

Kwanana ya zama na man fetur

Goggo ina gaisuwa. Ni ce uwargida. Maigidanmu ya gina gida a Maikunkele ya mayar da ni da yarana can, amarya kuma ya bar ta a gidan haya a cikin gari kusa da wurin aikinsa. Da farko kwana bibbiyu yake yi. Yanzu ranar girkina sai ya bugo waya ya ce dare ya yi, ko babu mai a mota, ko hanya ba tsaro. Wani satin sau ɗaya muke ganinsa. Idan na yi magana sai ya ce ni ce a gidan kansa, me kuma nake nema? Ga shi ina da ciki wata bakwai, unguwar ba ta cika ba, dare ya yi tsoro nake ji.
Uwargida, Maikunkele

Ƙanwata, kina da gaskiya, kuma ba kishi ne ke magana a bakinki ba.

Gida haƙƙi ne, kwana ma haƙƙi ne, ɗaya ba ya biyan ɗaya. Malamai ba su yi saɓani ba a kan wajabcin rabon kwana tsakanin mata. Mace tana iya yafe kwananta don raɗin kanta, kamar yadda Nana Sauda ta bar wa Nana A'isha nata, Allah ya ƙara musu yarda, amma ba a ƙwace shi ta waya da ƙarfe tara na dare. Shi ya zaɓi ya raba gidajensa tsakanin gari da bayan gari, kuɗin man da ke tsakani yana cikin nauyin da ya ɗauka.

Uzurin tsaro kuwa, ya auna abin da yake faɗa. Ba na raina fargabar mutanen Neja. Ba mu manta ɗaliban Kagara da aka kwashe a Fabrairu 2021 ba, da yaran Islamiyyar Tegina a watan Mayun shekarar. Amma waɗannan garuruwa suna ƙaramar hukumar Rafi, can gaba da Zungeru. In kuwa da gaske yana ganin tsakanin Bosso da Maikunkele ya fi ƙarfinsa da dare, to ta yaya ya bar mai ciki da ƙananan yara su kwana a can su kaɗai? Maganin dare shi ne ya taso da wuri.

Tsadar mai gaskiya ce, don haka ki kawo masa mafita tare da ƙorafin. Idan kun yarda ku biyu, ke da abokiyar zamanki, ana iya mayar da rabon kwana uku-uku ko sati-sati, zirga-zirga ta ragu. Ana iya ajiye mota a hau ta haya. Kada ki buɗe faɗa da amarya, ba ita ke tuƙa motar ba. Ki gaya masa sau ɗaya, a natse, ranar da ya zo ya ci ya ƙoshi. In bai canza ba cikin sati biyu, ki sanar da waliyyinki ko wani babba da yake jin nauyinsa.

Amma cikin nan ba zai jira a gama sulhu ba. Tun yau ki tabbatar kina zuwa awo. Ki tambayi ma'aikatan asibitin da kike zuwa ko suna karɓar haihuwa da dare, da inda suke tura mace idan abu ya yi wuya, don manyan asibitocin suna cikin gari: Babban Asibitin Minna, da asibitin mata da jarirai na Jummai Babangida Aliyu. Ki sami lambar mai Keke Napep ko maƙwabci mai mota har mutum biyu waɗanda suka yarda a tashe su ko ƙarfe nawa ne, ki haɗa jakar haihuwa, ki ɓoye kuɗin mota a cikinta. Ki nemo ƙanwa ko wata dattijuwa daga danginku ta zo ta zauna da ke. Ki shiga cikin matan layinku, ki san wadda katangarta ke jikin taki, maigida kuma ya biya kuɗin 'yan banga idan unguwar tana da su. Idan wata tara ya kama kuma kwanansa bai daidaita ba, ki nemi izininsa ki koma gidanku ko gidan wata 'yar'uwa a cikin gari har ki sauka, a sanar da shi a gaban waliyyinki cewa saboda kusancin asibiti ne, don kada wani ya kira shi yaji.